An rubuta wat 5000 a kwali, amma tsohuwar amfilifayar Baba mai wat 30 ta fi ta daɗin sauti

Abban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da damuwa, kuma na san a nan akwai waɗanda suka san kan abin. Watan jiya na tara kuɗi na sayi hom tiyata sabuwa dal, mai ƙananan sifikoki biyar da ufa ɗaya, wato akwatin da ke fitar da bes. A jikin kwalin an rubuta wat 5000 da manyan baƙaƙe. Da aka kunna min a shago har cikin ƙirjina nake jin dukan. Na kawo gida na jona, yau sati huɗu ke nan, wallahi raina bai kwanta da ita ba. Bes ɗin gunji kawai yake, dum-dum-dum, kowace waƙa ka sa amonsa ɗaya. In na sa kiɗan kalangu ba na iya raba kalangun da ɗan karɓi. In na sa ƙira'a, muryar mai karatu kamar daga cikin randa take fitowa.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne, marigayi mahaifinmu yana da amfilifaya 'yar Japan da sifikokin katako biyu tun wajen 1981. Wat 30 ce kacal kowane gefe. Ina yaro in ya sa kaset bayan la'asar, kana jin numfashin mawaƙi kafin ya ɗauki baiti. Kayan suna nan a ɗakin ajiya a gidanmu. Shin kunnena ne ya canza, ko kewar Baba ce take sa ni ganin tasa ta fi, ko kuwa da gaske 30 tana iya fin 5000?

Baba Mai Rediyo:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka. Ɗana, kafin kowa ya ce komai, tashi ka juya bayan ufar nan, wajen da wayar wuta ta shiga. Akwai rubutun da ke faɗin wutar da take ja. Karanto mana shi.

Abban Khalifa:
Amin Baba, na gode. An rubuta 220-240V, 50Hz, 65W.

Baba Mai Rediyo:
To ka ga inda gizo ke saƙa. Abin da ke jan wat 65 daga bango, ta ina zai samo 5000 ya ba sifika? Dutsen guga ma wajen wat 1000 yake ja, ka kuma ga yadda yake sa ƙaramin janareta nishi. Duba kusa da lambar nan ta kwali, za ka ga wasu ƙananan baƙaƙe, PMPO. Lambar talla ce, babu wata ƙa'idar auna ta da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake bugawa. Wadda ake kamawa ita ce RMS, wato ƙarfin da na'ura za ta bayar ta ɗore a kai ba tare da sauti ya fashe ba. Talatin ɗin mahaifinka talatin ce ta gaskiya. Sama da shekara 40 ina buɗe cikin kayan nan. Na zamanin su Sansui, Pioneer, Kenwood, Akai da Technics, in ka ɗaga sai ka ce wash saboda nauyin taransifoma da ƙarfen sanyaya. Irin naka kuwa da hannu ɗaya yaro zai ɗauka.

Injiniyan Samaru:
Baba ya gama magana a kan PMPO. Sai dai a yi min afuwa Baba, rashin nauyi shi kaɗai ba aibi ba ne yanzu. Akwai amfilifayoyin zamani da ake kira aji D, ba su da nauyi, ba sa zafi, kuma masu kyansu suna da kyau ƙwarai. Matsalar irin wannan hom tiyata ta fi yawa a sifikokin.

Abban Khalifa, bari in nuna maka dalilin da ya sa wat 30 ta ishi falo. Sifika matsakaiciya, in ka ba ta wat 1 ka tsaya mita 1 daga gabanta, za ta ba ka kamar disibel 88 (disibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara). Wannan ya riga ya fi ƙarfin hira nesa ba kusa ba. Wat 10 za ta kai ka 98. Wat 100 ta kai ka 108. Ka lura, sai ka ninka wuta sau goma kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sau biyu. Daga wat 30 zuwa 60 disibel 3 kawai ka ƙara. Yawancin sauraron da muke yi a gida da dare bai wuce wat 1 ko 2 ba. Kuma ma'aunin masu kula da lafiyar ma'aikata shi ne disibel 85 na awa 8, duk ƙarin 3 a raba lokacin biyu, saboda haka ƙarar da ake nema da dubban wat ɗin kunne ma ba ya so.

Ƙananan sifikokinka na roba, in ka cire murfin, na tabbata ɗan kwano ɗaya za ka gani mai inci 2 ko 3. Ba ya iya sauka ƙasa inda kaurin muryar namiji yake, sai a bar wa ufa ta cike gurbin. Shi ya sa rabin muryar mai karatu ke fitowa daga akwatin da ke ƙasa. Randar da kake ji ke nan.

Maman Hanif:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ban san wat ba, amma ina da tambaya ga Abban Khalifa: me ke shimfiɗe a falonka? Dalilina, bara da muka naɗe kafet muka ba masu wanki, kwana uku muka yi da tayil tsirara. Talabijin ɗin da muka saba da ita sai ta koma kamar ana magana a banɗaki. Maigidan har ya ce ta lalace, yana neman mai gyara. Ranar da aka dawo da kafet aka mayar da labule, magana ta dawo garau. Tun daga nan na san ɗaki ma yana da baki a cikin sauti.

Abban Khalifa:
Hajiya kamar kin shigo gidan. Tayil ne ko'ina, silin na POP, kujerun leda, teburin gilashi a tsakiya, tagogi kuma babu labule mai kauri. Falon mita 4 ne da 4. Ufar na tura ta lungu bayan kujera don kada yara su taɓa. Ƙananan kuma na jera su duka biyar a kan kantar talabijin.

Injiniyan Samaru:
Hajiya ta riga mu gano rabin ciwon. Tsaya a tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wata 'yar tsuwwa ta biyo baya, rrrr, to sauti ne ke kai da komo tsakanin bangaye. Abin da ke isa kunnenka a irin wannan ɗaki, mafi yawansa ba daga sifika yake zuwa kai tsaye ba, sai ya daki tayil da gilashi da bango tukuna. Kowane harafi na mai karatu yana hawa kan wanda ya gabace shi.

Na biyu shi ne gunjin. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa. Kowane ɗaki yana da amon da yake kumburawa, gwargwadon tazarar bangayensa. Lissafin ba wuya: raba 343 da ninkin tsawon ɗakin. Naka 343 a raba da 8, ya ba da wajen 43Hz, wato amo mai kaɗawa sau 43 a daƙiƙa, sai ninkinsa 86Hz. Da yake tsawo da faɗin falonka ɗaya ne, bangaye huɗun duk amo ɗaya suke kumburawa, abin ya taru ya yi yawa. Sannan ka kai ufa lungu, inda ya fi ko'ina tayar da wannan amo. Shi ya sa kowace waƙa bes ɗinta iri ɗaya: ba makaɗin kake ji ba, falonka kake ji.

Gwada wannan yau, ko sisi ba za ka kashe ba. Fito da ufar daga lungu. Rage ƙarfinta zuwa inda ba za ka iya nuna inda take da yatsa ba in ka rufe ido. Sifikar hagu da ta dama ka raba su kamar mita 2, su zo daidai tsayin kunnenka in kana zaune, kai kuma ka zauna mita 2 daga kowacce, kamar duwatsun murhu uku. Kada kujerarka ta manne da bangon baya. Shimfiɗa darduma mai kauri tsakaninka da su, ka ɗauke teburin gilashin.

Maman Hanif:
Injiniya, maganarka gaskiya ce, amma falon nan ba na mai sauraro ba ne shi kaɗai. Nan ake karɓar baƙi, nan yara ke rarrafe. In an ce a jawo sifika tsakar ɗaki a kan dogon ƙarfe, wa zai tsare ta in yaro ya kama ta zai miƙe? Ɗan maƙwabciyata sifika ta faɗo masa a ƙafa, sai da aka ɗaure. Ku riƙa ba da shawarar da matar gida za ta iya zama da ita. Darduma da labule dai na yarda, mu ma muna so.

Baba Mai Rediyo:
Hajiya ta yi gaskiya. Ba sai tsakar ɗaki ba. Ko taku ɗaya ka ba ta daga bango za ka ji canji, musamman mai rami a baya. In a kan kanta take, jawo ta zuwa bakin kantar, ka sa mata ɗan abin da zai riƙe ta kada ta zame. Waya kuma a bi da ita jikin bango.

Mai Situdiyo:
Iyayena ku ba ni dama in shigo ta wata ƙofar. Yaya Abban Khalifa, waƙoƙin da kake sawa daga ina suke?

Abban Khalifa:
Daga waya, ta Bluetooth. Wasu a shagon turi aka zuba min a memori, wasu a WhatsApp aka turo.

Mai Situdiyo:
To ga sauran rabin ciwon. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1411 a daƙiƙa, wato minti ɗaya na cin wajen megabait 10. MP3 mai 128 minti ɗaya megabait 1 ne. Duba girman waƙoƙinka. In ka ga waƙar minti 6 ba ta kai megabait 3 ba, to 64 ce ko ƙasa da haka, an zubar da abu mai yawa. Mai turi yana son waƙa dubu ta shiga ƙaramin memori, sai ya matse. Wani ya ciro daga bidiyo ya sake matsewa. Wani ma a lasifikar biki ya ɗauka da waya. Duk matsewa ɗaya asara ce da ba ta dawowa, ko da daga baya an mayar da fayil ɗin 320. Alamarta, saurari tafi ko kacau-kacau, za ka ji suna wani shuu kamar ana watsa ruwa a kasko. Bluetooth ɗin ma sake matsewa yake, amma nasa da sauƙi in fayil ɗin asali mai kyau ne, ba shi ne babban mai laifi ba.

Akwai kuma laifinmu mu masu haɗa sauti, ba zan ɓoye ba. Mun san a lasifikar waya da cikin adaidaita sahu za a fi jin aikinmu. Mawaƙi yana zuwa ya ce tasa ta fi ta wane ƙara. Sai mu danne wuraren da suka yi sama, mu ɗago waɗanda suka yi ƙasa, komai ya zama tsayi ɗaya kamar an yi wa shinge aski. A waya daɗi, a sifika mai kyau kuwa minti goma kunne ya gaji. Sifika mai kyau ba ta rufa wa kowa asiri. Kaset ɗin Baba da kake tunawa, makaɗan a zaune suke wuri ɗaya aka ɗauka, in mawaƙi ya sassauta a ji ya sassauta, in ya ɗaga a ji ya ɗaga. Numfashin da ka ce kana ji, wannan ne.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum daga Zinder. Wannan yaro ya faɗi abin da ke raina shekara da shekaru. Ina da kaset sun fi 300, na gurmi, na kukuma, na kotso, da wa'azin malamai waɗanda yanzu ba su duniya. Yarana suna ce mini in zubar, wai komai yana intanet. Ba komai ke akwai ba. Wasu a wurin biki aka ɗauka, babu kwafinsu ko'ina. Ina goge kan rediyon da auduga da sifirit duk Juma'a, wanda ya sake zare in naɗe shi da biro. Na san kaset na da shuu ɗinta, amma muryar tana da jiki. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kawu na Birmingham:
Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba. Abban Khalifa, kunnenka lafiya lau yake, kuma ba kewa ba ce kawai. Sautin zamanin da shi ne sautin gaske, domin bai bi ta lamba ba. Duk abin da aka mayar lambobi an yayyanka shi, abin da ke tsakanin yanka da yanka ya tafi. Ni a nan na koma faifan garmaho shekara 12 ke nan, a kan na'urar Technics SL-1200, kuma a Ingila matasa ma sun dawo sayen faifai. In allura ta sauka, ɗumin da ke fitowa CD ba ta taɓa ba ni shi ba. Kuma kada a raina ƙaramin wat: amfilifayar NAD 3020 da ta fito a 1978 wat 20 ce kowane gefe, har gobe ana nemanta a nan.

Abu ɗaya da ba a ambata ba shi ne waya. Na canza wayar sifikata da ta fam 200, a daren na ji kamar an yaye labule daga gaban makaɗa. Wanda bai gwada ba ba zai gane ba.

Injiniyan Samaru:
Kawu, Allah ya ƙara girma. Maganar NAD haka take. Amma sauran biyun ban yarda ba, kuma zan faɗi dalili.

Batun yanka: CD, wadda Sony da Philips suka fitar a 1982, tana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa. Lissafin da aka gina ta a kai ya tabbatar cewa duk amon da bai kai rabin wannan lamba ba, wato 22,050Hz, ana dawo da shi cif, ba tsani-tsani ba. Kunnen yaro lafiyayye a 20,000 yake tsayawa, mu da muka haura 40 da wuya mu ji abin da ya wuce 15,000. Tazarar da ke tsakanin mafi ƙarancin sauti da mafi ƙarfinsa a CD disibel 96 ce, faifan garmaho 60 zuwa 70. Kuma faifai yana juyawa sau 33 da sulusi a minti ko'ina allura take, don haka a bakin faifai tana cin wajen santimita 50 a daƙiƙa, kusa da tsakiya wajen 20. Shi ya sa waƙar ƙarshe ta fi ta farko kaushi. Ɗumin da kake ji akwai shi, ban musa ba, amma ƙari ne da faifai da allura suke yi, ba abin da CD ta zubar ba ne. A 2007 wasu masu bincike biyu a Amurka, Meyer da Moran, sun riƙa sa wa mutane faifai masu lambobi fiye da na CD, wani lokaci kai tsaye, wani lokaci a rage su zuwa ma'aunin CD, ba tare da mai sauraro ya sani ba. Gwaji sama da 500, amsar ta fito rabi da rabi, daidai da canke.

Batun waya: wayar tagulla mai kauri 2.5, irin ta wayarin gida, in tsawonta mita 3 ne, turjiyar da take yi wa wuta zuwa da dawowa wajen om 0.04 ce. Sifika om 8 ce. Me ya rage da fam 200 za ta gyara? Hausawa sun ce gani ya kori ji, a harkar sauti kuwa maganar a zahirinta take faruwa. Floyd Toole da Sean Olive sun gwada a kamfanin Harman a 1994: sifikoki iri ɗaya, mutane suka ba su maki suna kallonsu, aka sa labule suka sake bayarwa. Makin ya canza, manya masu ƙyalli sun fi samun tagomashi lokacin da ake ganinsu. Har ƙwararrun cikinsu abin bai bari ba.

Kawu na Birmingham:
Injiniya, wato ni ban san abin da kunnena ya ji ba ke nan? Tun kafin a haife ka nake sauraron kiɗa. Ba takarda nake saurare ba, ba kuma lissafi ke sa ni hawaye in na ji goge ba. Kowa ya zo da lambobi ya ce wa dattijo ruɗu yake yi. Wannan ba daidai ba ne.

Shugaban Zaure:
Jama'a a sassauta. Kawu babba ne a nan, Injiniya kuma ban ga ya yi da niyyar raini ba. A ci gaba da fa'idantar da mu.

Injiniyan Samaru:
Kawu ka gafarce ni in lafazina ya yi kaifi. Ban ce ƙarya kake ba, abin da ka ji ka ji shi. Ni ma ya faru da ni: na taɓa murɗa ikwalaiza ina jin sauti na gyaruwa, daga baya na ga ashe maɓallinta a kashe yake. Haka aka halicci kunne, yana tafiya da abin da zuciya ke jira.

Baba Mai Rediyo:
Alhaji na Birmingham, ni zan shiga tsakani. Mai yiwuwa ka ji canji na gaske, amma ba don kuɗin wayar ba. Tsohuwar waya bakinta yana yin tsatsa ya yi kore, sukurun ya saki. Ranar da ka sa sabuwa ka goge wurin ka ɗaure tam. Ko tsohuwar ka yanke bakinta ka fere sabo, za ka iya jin hakan. Wani lokacin ma da can an juya ja da baƙi a sifika ɗaya, kwano ɗaya na turawa ɗaya na ja, bes ya ɓace, murya ta rasa tsakiya. Gwajinsa batirin tocila: taɓa wayoyin a kansa, in ja na kan gefen batir mai alamar +, kwanon waje zai yo. Duka biyun su yi haka.

Mu a nan abin tsoro shi ne wayar jabu. Kankare ta da reza, in cikinta ya yi fari, alminiyon ne aka shafa wa ruwan tagulla. Ita kam a guje ta.

Mai Situdiyo:
Kawu yana da wata gaskiya da Injiniya bai taɓo ba. Sau da yawa faifan garmaho da CD na aiki ɗaya ba haɗi ɗaya aka yi musu ba. Na CD ko na intanet an danne shi don ƙara, na garmaho an bar masa sarari. In Kawu ya ce faifansa ya fi daɗi, zai iya kasancewa haka ne ɗari bisa ɗari, sai dai hannun mai haɗawa ne ya bambanta su.

Kawu na Birmingham:
To wannan magana ta shiga. Injiniya, ya wuce, Allah ya yafe mana. Tsohuwar wayar tana nan. Zan fere bakinta yadda Baba ya ce, in sa ɗana ya riƙa canzawa ina juya baya, sau goma. Abin da ya fito zan faɗa muku tsakani da Allah.

Ɗan Damagaram:
Baba Mai Rediyo, ga tawa tambayar. In kuran ya ɗauke na koma kan batir da inbata, amfilifayata sai ta kama ƙugi, zzzz, har taransifomar kanta tana kuka. Da wutar gari ba ta yi.

Baba Mai Rediyo:
Malam, inbatarka ce. Masu araha wutar da suke bayarwa ba ta lanƙwasa sumul kamar ta gari, hawa take da sauka kamar matakala. Taransifoma ba ta son ta, tana kuka tana zafi, ƙugin kuma ya bi ya shiga sifika. Nemi wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta. Kafin nan kada ka daɗe kana kunna ta a kai. Kuma duk wanda ke da kayan sauti, in an ɗauke wuta ya kashe soket, kada a dawo da ita da ƙarfi ta same su a kunne. Rabin abin da ake kawo min shago wannan ne ya kashe su. Masu sayen tokumbo kuma a duba baya kafin a jona: na cikin gidan Japan bolt 100 ne, na Amurka 120, tamu 230. Sakan ɗaya ya isa hayaƙi ya tashi.

Abban Khalifa:
Jama'a na dawo, kwana biyar ina aiki da shawarwarinku. Na fito da ufa daga lungu, na rage ta, uwargida ta kawo babbar darduma daga ɗakinta. Gunjin ya ragu sosai, ƙira'a ta fara fitowa. Amma murya har yanzu siririya ce. Sai jiya na je gida na roƙi Hajiyarmu mabuɗin ɗakin ajiya.

Kayan suna ƙarƙashin wani tsohon bargo. Amfilifayar ƙura ta yi mata rufi, amma fuskar alminiyon ɗin ko ƙwarzane babu. Sifikokin ne suka ba ni tausayi. Na cire ragar gaba, na taɓa soson da ya zagaye kwanon, sai ya marmashe a yatsana kamar ƙuli-ƙuli. A ramin ɗaya zanzaro ya yi gini. Cikin dek ɗin kuma, wato na'urar kunna kaset, na tarar da kaset, C90, da rubutun Baba da jan biro a jiki, ranar sunan ƙanwata. Hajiya da ta gani sai ta juya ta fita. Yanzu duk suna falona. In jona in ji ko tana tashi?

Baba Mai Rediyo:
Kul! Kada ka jona. Abin da ya shekara 20 a kwance ba a tashinsa da wuta gaba ɗaya. Kondensocin ciki, 'yan gwangwanin da ke riƙe wuta, sun bushe da zafin ɗakin nan, wani na iya fashewa, ko ta tura wutar da za ta ƙona maka sifika. Mu muna jona ta ne ta cikin ƙwan fitila mai zare, na wat 60 ko 100. In ƙwan ya yi haske ya dushe, lafiya. In ya tsaya da haske, akwai matsala, kuma ƙwan ya tare ta. Sifikar ma kada ka kunna ta da ruɓaɓɓen soso, kwanon zai karkace ya goge zaren ciki. Soson ana sayar da shi, a auna inci a manna sabo, ba sai an canza kwano ba. Duk mai gyaran da ya ce a cire kwanon asali a sa na kasuwa, ɗauki kayanka ka tafi. Kaset ɗin nan kuma kada ka sa ta a dek ɗin sai an canza bel da robar da ke jan zare. In ta tauna ta, ba ka da wata.

Abban Khalifa:
Alhamdu lillahi. Sati biyu ke nan, jiya na karɓo. An canza kondensa shida, an wanke maɓallin ƙara da ke ƙarat-ƙarat, an sa sabon soso. Duk abin da na kashe bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin hom tiyatar ba. Na ɗora sifikokin a kan ƙananan tebura masu faɗin ƙafa saboda yara, taku ɗaya daga bango, na yi gwajin batir, na sa wayar 2.5.

Da farko na sa karatun Husari, fayil mai kyau da Mai Situdiyo ya turo min. Maɓallin ƙara bai wuce wurin ƙarfe tara na fuskar agogo ba. Muryar ta tsaya a tsakiyar sifikokin biyu, a sarari, kamar mutum na zaune a kan dardumar. Ƙalƙala tana fita, gunna tana fita. Na sa kalangu, ga kalangu ga ɗan karɓi, har saukar ɗan kiɗi a kan fata ana ji. Bes ɗin bai kai na hom tiyata dukan ƙirji ba, wannan gaskiya ne, kuma Khalifa ya ce shi hom tiyatar ta fi masa daɗin kallon fim, don haka na bar musu ita a jikin talabijin. Waƙoƙin memorin nan kuwa yanzu ne na ji irin ɓarnar da aka yi musu, rabinsu ba sa saurarowa.

Kaset ɗin Baba ban sa ba tukuna. Bel ɗin dek bai samu ba.

Kawu na Birmingham:
Barka, ɗana. Ni ma ga nawa alƙawarin: sau goma, na canka shida, na faɗi huɗu. Ina zaune ina rantsuwa a raina cewa sabuwar ce, ashe tsohuwar ce. Wayar dai na bar ta a jiki tunda na riga na saya. Faifaina kuwa ina nan a kansu, Injiniya, wannan ba mu gama ba.

Injiniyan Samaru:
Na yarda Kawu, a buɗe masa nasa zauren, zan zo.

Mai Situdiyo:
Yaya Abban Khalifa, kada ka jira bel. Akwai dek mai lafiya a wurina, kawo kaset ɗin ranar Asabar bayan azahar. Sau ɗaya za mu juya ta, mu daidaita sukurun kan da zaren, mu ɗauke ta a WAV ba tare da matsewa ba, ka kai wa Hajiya kwafi a waya. Baba na Damagaram, kai ma in akwai mai zuwa Kano a ba shi naka ko guda ashirin-ashirin ne, a fara da waɗanda aka ɗauka a wurin biki. A sa su a kwali, kada a ajiye su kusa da sifika ko inda rana ke bugu a mota.

Ɗan Damagaram:
Madalla, Allah ya yi maka albarka. Ƙanena yana shigowa Kano da kaya ran Laraba. Yau da dare zan zauna in ware su.